Kwamin tampol na kiwon tarwada a zafin bazara: yana aiki, amma ba yadda ake sayar da shi ba

Kwamin tampol ya sauƙaƙa wa mutane da yawa shiga kiwon kifi. Mai gidan haya da ba a yarda ya haƙa rami ko ya ɗora bulo ba yana iya kafa shi a tsakar gida cikin wuni ɗaya, in zai tashi ya naɗe abinsa ya tafi. Wanda aka fi gani shi ne mai ƙafa 10 a tsawo, ƙafa 10 a faɗi, ƙafa 4 a tsayi, da firam na bututun ƙarfe ko na katako, da mafitar ruwa ta fayif a gindi. Akwai kuma mai da'ira wanda ake kewaye shi da ragar ƙarfe. A ganinmu kaya ne mai kyau, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai a arewa rabin kaya ake sayar wa mutum. Ana ba shi tampol da firam, ba a ba shi inuwa, ba a ba shi ma'aunin zafi, ba a kuma gaya masa cewa daga Maris zuwa Mayu awon abincin da ke jikin buhu ba zai yi masa aiki ba. Yawancin asarar da ake yi a wannan kwami daga nan take fitowa.

Kafin maganar zafi, ga abin da ya kamata a duba a jikin kayan. Tampol ɗin kirki yana da zare saƙe a tsakiya, an lulluɓe shi da roba ciki da waje. In ka lanƙwasa gefensa ka matse da yatsa, bai kamata ya bar farin layi ba. Wanda ya bari, nan zai tsage bayan rana ta dake shi. Duba haɗin kusurwa: wanda aka narka da zafi ya fi wanda aka liƙa da gam, ya kuma fi ɗinki nesa ba kusa ba, don kowace hudar allura wurin yoyo ce. Tsohon tampol na allon talla yana da araha, amma siriri ne kuma akwai fenti a jikinsa, ba mu ba da shawarar a zuba kifi a ciki ba. Firam na katako gara tana cinye shi daga ƙasa. Na ƙarfe ya fi ƙarko, in dai an sa masa sanda a tsakiyar kowane gefe, don ruwan da ya kai lita dubu takwas yana turo bango waje har ya yi ciki. A ƙasa a share tsakuwa da saiwa, a shimfiɗa yashi mai laushi kaurin inci biyu zuwa uku, a ɗan karkata shi zuwa wajen mafita domin kashi da ragowar abinci su gangara can. Mafitar da faɗinta bai kai inci biyu ba toshewa take yi. Inci uku ya fi. Sabon tampol kuma a wanke shi, a cika shi da ruwa ya kwana 'yan kwanaki, a zubar, a sake, har warin roba ya fita.

Duk wannan mai sayarwa na gari zai gaya maka. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne yadda ruwan wannan kwami yake bin rana sau da ƙafa.

Kududdufin ƙasa yana da ƙasa kewaye da shi, ita ke riƙe masa sanyi da rana, ta riƙe masa ɗumi da dare. Kwamin bulo yana da kaurin inci shida ko tara tsakanin ruwa da iska. Shi kuwa tampol kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma a saman ƙasa yake tsaye, rana na dukansa ta sama, tana dukan bangon gabas da safe, ta koma na yamma da la'asar. A Kano zafin iska a watan Afrilu yana kaiwa digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana wuce 40. Ga ɗan lissafi da zai nuna girman abin. Kwami mai ƙafa 10 sau 10 da aka cika zuwa ƙafa 3 yana ɗauke da lita kusan 8,500. Hasken ranar da ke sauka a kan faɗinsa a wuni ɗaya, in da duk zai tsaya a ruwan, ya isa ya ɗaga zafinsa da digiri 5 zuwa 6. In aka rage ruwan zuwa ƙafa ɗaya da rabi, hasken bai ragu ba, ruwan ne ya ragu, sai lissafin ya koma digiri 11. A zahiri ba ya kai haka, don tururi da iska suna kwashe wani kaso, amma ma'anar a fili take: mai rage ruwa don tsimin man janareta ko don ya riƙa ganin kifinsa, tukunya ya ɗora. A bazara kada zurfin ruwa ya gaza ƙafa 3 ga kifin da ya wuce wata biyu.

Kifi ba shi da zafin jiki na kansa. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa. Duk lokacin da ruwa ya ƙara zafi da digiri 10, aikin jikinsa yana kusan ninkawa, buƙatarsa ta iskar oksijin ma haka. A daidai lokacin kuma ruwan yana rasa ƙarfin riƙe iskar. Ruwan da ya cika da oksijin a digiri 20 yana ɗauke da miligiram 9.1 a kowace lita. A 25 ya koma 8.3, a 30 ya koma 7.5, a 35 bai kai 7 ba. Buƙata na hawa, abin da ke akwai na sauka. Tarwada tana girma da kyau tsakanin digiri 26 da 30. Daga 32 zuwa sama ci yana raguwa, kuma abin da ta ci ba ya zama nama yadda ya kamata. A wajen 35 an shiga haɗari.

Masu kiwo da yawa suna cewa tarwada ba ruwanta da wannan, tunda tana shaƙar iska daga sama. Gaskiya ne tana da wani sashe mai rassa a cikin kai, a bayan jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunnenta, wanda take ɗaukar iska da shi in ta leƙo. Shi ya sa ake iya cunkusa ta a wurin da karfasa ba za ta kwana ba. Amma kowace leƙowa ƙarfi take ci. Kifin da yake hawa da sauka sau da yawa a awa yana ƙona abincin da ka saya don ya yi ƙiba, yana kuma karo da 'yan uwansa a saman ruwa, ƙaya na yankar fata, ciwo na shiga. Sannan wannan sashe bai gama samuwa a jikin ƙananan 'ya'ya na makonnin farko ba. Su da oksijin ɗin cikin ruwa kaɗai suke rayuwa, su ne kuma suke fara mutuwa.

Inda abinci ya shigo

Narkar da abinci aiki ne, kuma yana cin oksijin. Bayan kifi ya ƙoshi, iskar da yake buƙata tana tashi, a cikin 'yan awoyi ta kai ƙololuwa, wani lokaci kusan ninki biyu na wanda cikinsa ba komai. Abinci mai yawan furotin, irin mai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari da ake ba tarwada, shi ya fi ɗaga ta. Yanzu a haɗa lokutan. Ruwan kwami ya fi sanyi da asuba, ya fi zafi tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, ba da tsakar rana ba kamar yadda ake zato. Wanda ya ciyar da kifinsa ya ƙoshi da ƙarfe sha biyu ko ɗaya, ya saita ƙololuwar narkewar abinci ta faɗo daidai kan ƙololuwar zafin ruwa. Kifin da zai jure digiri 33 da ciki wayam yana iya kasawa a wannan digirin da ciki cike. Alamar farko ita ce amai: za ka ga ƙwayoyin abinci da suka jiƙe suna yawo, da kumfa mai maiƙo a gefen tampol. Sai kifin su tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gemu a waje, ba sa gudu ko an matso. Manyan, waɗanda suka fi kowa cin abinci, su ake fara tsinta da safe.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Kowane kilo na irin wannan abinci yana barin giram 30 zuwa 40 na amoniya a ruwa, wato dattin da kifi ke fitarwa ta jan naman kunne. A ɗauka kwamin yana da kifi 600, kowanne rabin kilo. Kilo 300 ke nan. In ana ba su kashi 2 cikin ɗari na nauyinsu, kilo 6 na abinci ke shiga kullum, kusan giram 200 na amoniya ke fita, a cikin lita 8,500. Miligiram sama da 20 ke nan a kowace lita a wuni ɗaya in ba a sauya ruwa ba. Ba dukkanta ce guba ba. Kason da ke zama guba ya dogara da zafi da kuma awon pH, wato awon tsamin ruwa: yana sauka in ruwa ya yi tsami, yana hawa in tsamin ya ragu. A digiri 30, in pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne. In ya hau 8, ya zama kashi 7 da rabi. A 8.5 kashi 20 ne. Wani bincike da aka yi kan tarwada a ƙasar Holan, aka wallafa a 2010, ya ba da shawarar kada wannan kaso mai guba ya wuce miligiram 0.34 a lita, don daga nan ci da girma suke fara ja baya. Da lissafin da ke sama, a pH 7 ana ƙasa da wannan iyaka. A pH 8 an ninka ta sau huɗu ko biyar.

Me ke ɗaga pH a kwamin tampol? Rana. Kwamin da ba inuwa ruwansa kore yake zama saboda gansakuka, ita kuma da rana tana zuƙe iskar da ke sa ruwa tsami, sai pH ya yi ta hawa har la'asar. Da dare ta juya tana cin oksijin tare da kifin. Saboda haka da la'asar abu huɗu ke haɗuwa a kan kifi ɗaya: ruwa ya fi zafi, ciki na narkar da abinci, amoniya ta taru, pH ya mayar da ita guba. Mai kifin da ya wayi gari da gawa hamsin yakan ce cuta ce, ya ruga ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ya zuba. Sau da yawa ba cuta ba ce, ko kuma cutar daga baya ta shigo. Ƙwayoyin da ke sa gyambo da jan ciki, da masu sa farin tabo a fata da cinye gemu, sun fi yaɗuwa a ruwan ɗumi mai datti, a jikin kifin da ya riga ya galabaita.

Ma'aunin zafi shi ne kayan da ya fi kowanne araha a gonar kifi, shi ne kuma aka fi rasawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai hannu bai san ƙima ba. In iska na digiri 40, ruwa mai digiri 33 sanyi zai yi maka a hannu. Akwai na gilashi mai jan ruwa a ciki, akwai mai batir da waya mai tsini. Na gilashin ba ya buƙatar batir kuma ba ya yin ƙarya, sai dai tarwada na fasa shi in an bar shi a ciki. A ɗaure shi da igiya, a tsoma minti biyu, a karanta kafin a fitar da gindinsa daga ruwa. Mai farin ruwa kamar azurfa kada ya kusanci kwami, in ya fashe guba ne. Mai batir ya fi sauƙin karantawa, amma masu arahar suna iya kuskure da digiri ɗaya ko biyu, kuma danshi na shiga inda waya ta haɗu da tsinin. Gwajinsa: cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ƙara ruwa kaɗan, juya, tsoma tsinin, ya kamata ya nuna sifiri. In ya nuna 2, ka san za ka riƙa cire 2. A auna a tsakiyar zurfin ruwa, ba a sama ba, sau biyu a rana, ƙarfe shida na safe da ƙarfe huɗu na yamma, a rubuta a littafi. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce ainihin shaidar kwamin. In ta wuce digiri 4, inuwa ko zurfi bai isa ba.

Da wannan ma'auni a hannu, ga ƙa'idar da muke ganin ta fi aminci ga tarwada. Tsakanin 26 da 30 a ba da cikakken awo. A 31 zuwa 32 a rage sulusi ko rabi. Daga 33 zuwa sama a tsallake wannan ciyarwar gaba ɗaya. Kifin da ya kai giram ɗari ba abin da zai same shi don ya yi wuni ɗaya bai ci ba. A bazara a mayar da ciyarwa sau biyu: da safe wajen ƙarfe bakwai, da kuma bayan isha'i, bayan an auna an ga ruwan ya sauko. Tarwada dama mai kiwon dare ce, a duhu ta fi sakewa. A watsa abincin kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar hanzarinsu ya ragu. Abin da bai ƙare a minti goma zuwa sha biyar ba ya yi yawa, a kwashe shi da raga. A nan abinci mai tasowa saman ruwa ya fi mai nutsewa, ko da ya fi tsada, domin yana nuna maka cin kifin da idonka. Mai nutsewa in an ƙi ci yana kwanciya a gindin tampol, a ruwan digiri 31 kuwa ba ya ɗaukar awoyi kafin ya fara ruɓa.

Mai karfasa a koren ruwa kada ya bi wannan jadawali. Karfasa ta fi tarwada jure zafi kansa, sai wajen digiri 42 yake kashe ta, amma ba ta shaƙar iska daga sama, kuma koren ruwa da asuba ne oksijin ɗinsa ya fi ƙasa. Ita sai rana ta ɗan ɗaga ake ciyar da ita, wajen ƙarfe tara.

Kada kuma a ɗauki rage abinci ya zama horo da yunwa. Tsallake ciyarwa ɗaya a ranar da ruwa ya yi zafi daban, barin kifi makonni a kan rabin ciki daban. Kifin da ya rame, ko wanda ake ba dusa da ragowar tuwo, ba shi da abin da zai gyara jikinsa da shi in zafi ya taɓa shi, sannan manyan sukan juya kan ƙananan. Ingancin abincin ma zafi na cinye shi tun yana buhu. Bitamin C yana lalacewa a ɗaki mai zafi, man da ke cikin ƙwayar yana yin ɗoyi. Tarwada ba ta iya haɗa bitamin C a jikinta, sai daga abinci, kuma ƙarancinsa yana da hannu a ciwon nan da ƙashin kai ke tsagewa. Buhun da ya yi watanni a shago mai rufin kwano ba shi ne wanda ya fito daga kamfani ba, ko da suna ɗaya ne a jiki. A duba ranar da aka yi shi, a shinshina, a ajiye a kan katako nesa da bango, a sayi abin da zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu.

Akwai wani abu da ake kira sabo, kuma gaskiya ne, sai dai yana da iyaka. Masu bincike suna auna juriyar kifi ta hanyar ɗumama ruwa a hankali, wajen sulusin digiri a minti, har kifin ya kasa tsayawa daidai ya fara kifewa. A nau'o'in kifi da yawa an ga cewa wanda ya yi makonni a ruwa mai ɗumi yana jure fiye da ɗan uwansa da aka riƙe a mai sanyi. Amma ƙarin bai kai yawan ɗumin ba: in an ƙara digiri ɗaya a ruwan da ya saba da shi, juriyar tana ƙaruwa da wani kaso ne kawai, galibi ƙasa da rabin digiri. Wato duk yadda kifi ya saba da zafi, tazarar da ta rage tsakaninsa da mutuwa raguwa take yi. Kifin da ya shigo bazara a hankali tun daga Fabrairu ya fi wanda aka sauke daga mota a tsakiyar Afrilu, bayan ya tashi a ɗakin ƙyanƙyasa mai rufi inda ruwa ba ya motsawa daga digiri 27 ko 28. Irin waɗannan 'ya'yan, in an juye su kai tsaye a tampol mai digiri 33 sannan aka watsa musu abinci don a ga ko suna ci, mutuwa tana farawa a kwana na biyu ko na uku, sai a ce mai ƙyanƙyasa ya sayar da marasa lafiya. Yadda ya kamata: a hana su abinci awa 24 kafin tafiya, a yi tafiyar da asuba ko da dare, in an iso a auna ruwan jarka da na kwami, a riƙa ƙara ruwan kwami a jarkar kaɗan-kaɗan na minti 20 zuwa 30 har bambancin ya gaza digiri 2, sannan a karkata jarkar su fita da kansu. Gishirin girki kilo ɗaya zuwa biyu a kowace lita dubu yana rage musu wahala. Abinci sai washegari, shi ma rabin awo.

Sauya ruwa shi ne maganin amoniya, amma a bazara shi ma yana kashe kifi in ba a lura ba. Ruwan bohol a arewa yakan fito da zafin da ya dace da tarwada, kusa da digiri 28 zuwa 30, rani da damina. Matsalar tana tankin roba baƙi da ke kan hasumiya da dogon tiyo da ke kwance a rana. Ruwan da ya wuni a cikinsu ya fi na kwamin zafi, mai kifi kuma ya buɗe shi da azahar da niyyar sanyaya musu. A fara zubar da na cikin tiyo a ƙasa, a auna, sannan a juya shi kwami. Ya fi kyau a sauya da sassafe, ko a tura kai tsaye daga bohol. Ruwan bohol kuma ba shi da oksijin sosai, don haka kada a nutsa bakin tiyo a ciki. A ɗaga shi, ruwan ya faɗo a kan faranti ko ta fayif mai huji-huji ya tarwatse. A fitar da ruwan gindin kwami, inda datti yake, rabi zuwa kashi biyu cikin uku kullum ga manyan kifi a cunkoso. A bar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ciyar. Sauya ruwa ko jan raga bayan sun ƙoshi amai yake sa su. Tantance manya da ƙanana ma da asuba ake yi, da ciki wayam.

Inuwa ita ce rabin kayan da ba a sayar maka ba. Rumfar zana ko ta karan dawa tana aiki sosai, tana barin iska ta ratsa, sai dai a kula da ƙaiƙayi da ke zubowa. Ragar inuwa ta masu lambu, wadda ke tare kashi 50 zuwa 70 na haske, ta fi tsabta. Kowacce aka zaɓa, a ɗaga ta aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwa, a bar gefuna a buɗe, don busasshiyar iskar bazara da ke wucewa a kan ruwa tana sanyaya shi kamar yadda take sanyaya randa. Rufin kwano da aka sauko da shi kusa da ruwa zafi yake maidowa. Rufe kwamin ruf da wani tampol ya fi komai muni, yana tare tururi kuma yana gurɓata iskar da kifin ke leƙowa ya shaƙa. Bangon yamma a jingina masa zana, a bar tazarar taku ɗaya tsakani. Wannan zanar tana kuma ƙara wa tampol ɗin kwana, domin rana ce ke busar da shi ya tsage a baki da wuraren lanƙwasa. Ƙarƙashin bishiya akwai sanyi, amma ganyen da ke zuba yana ruɓewa a ruwa, sai an shimfiɗa raga a sama.

Game da yawan kifi, ana yawan cewa mai ƙafa 10 sau 10 yana ɗaukar dubu. Yana ɗauka suna ƙanana. Zuwa girman kilo ɗaya, a bazarar arewa, ba tare da ruwa mai gudana ba, mu ba za mu wuce 400 zuwa 500 ba, kuma wanda ruwansa na sayen 'yan garuwa ne ya rage ƙasa da haka. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsara zubi yadda manyan za su fita kasuwa ko banda kafin ƙarshen Maris, kwamin ya shiga Afrilu da nauyi kaɗan.

Siririn bangon nan da hunturu ma yana nuna halinsa, ta ɗaya gefen. A Disamba da Janairu, in dare ya sauka digiri 13 ko 14, ruwan tampol yana iya wayar gari ƙasa da 20. Tarwada ta kwanta a gindi ta ƙi ci, abin da ta ci kuma ya daɗe a ciki bai narke ba. A lokacin jadawalin juyawa yake: a cire rabin inuwa, a kewaye bango da zana ko buhunan ƙaiƙayi, a rufe sama da dare a bar kafar iska, a sauya ruwa da sassafe kai tsaye daga bohol tunda shi ne mai ɗumi, a ciyar sau ɗaya tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ma'auni ya nuna ruwan ya wuce 22.